Yadda ake haɗa wayar intanet tsakanin rassan kamfani, daga babban ofis har sito

Duk wanda ya kira ni kan wannan aikin tambayarsa ta farko ɗaya ce, wace waya zan saya kuma nawa ce. Ni kuma sai in ce masa Alhaji a bar maganar waya tukuna, wayar da za a ɗora a tebur ita ce ƙarshen abin da za a saya. Abin da ke kashe aikin nan a Kano wuta ce da sabis da kuma hanyar da za ta haɗa rassan, in waɗannan ukun suka zauna ko wayar hannu ta yaron shago ma za ta yi aikin.

Ga wanda bai san abin ba, tsari ne da ake ba kowane ma'aikaci gajeriyar lamba ta cikin gida, manaja a Bompai ya danna lambobi guda huɗu ta shiga wajen mai sito a Sharada, ba kati ba flashin ba "lambar da ka kira a kashe take". Muryar ana yanka ta ne ƙanana ƙanana a tura ta intanet, shi ne ake ce wa VoIP. Kuma kwastoma lamba ɗaya zai riƙe ta kamfani, ba lambar yaron da gobe zai iya barin aiki ya tafi da duk dilolinka a aljihunsa ba, wanda a Kwari da Singa kowa ya san yadda wannan labarin yake ƙarewa. Zan yi misali da wani aiki da na yi wa wani mai kayan masarufi, babban ofis a Bompai, shago a Singa, sito a Sharada, sai wani ƙaramin wuri a Dawanau inda suke sayen hatsi.

Mataki na farko: biro da takarda

Ka je kowane reshe da ƙafarka, kar ka yarda da abin da aka faɗa maka a waya. Ka rubuta mutum nawa ne ke buƙatar lamba, wa ke zaune a tebur wa ke yawo, wane intanet ake da shi a wurin, wuta awa nawa suke samu, akwai sola ko janareta. Sannan tambayar da ta fi duka muhimmanci, a lokacin da kasuwa ta fi ci mutum nawa ne za su kasance kan waya a lokaci guda. Ma'aikata 40 ba kira 40 ba ne, a aikin da na faɗa lambobi sun kusa 40 amma da muka zauna da akanta muka lissafa, kira 8 zuwa 10 a lokaci ɗaya shi ne ƙarshe, shi ma da safe ne lokacin lodi. Da wannan adadin za ka auna komai, girman akwatin da zai haɗa wayoyin da ƙarfin intanet da yawan layin waje.

Mataki na biyu: ina uwar za ta zauna

Duk wayoyin suna da uwa guda ɗaya da ke haɗa su, ita ake kira PBX. Hanya uku ce. Ko ka sayi akwati na musamman irin na Yeastar ko Grandstream UCM ka kafa a babban ofis, ko ka samu ƙaramar kwamfuta ka zuba mata FreePBX wanda kyauta ne, an gina shi a kan Asterisk da Mark Spencer ya fara rubutawa tun 1999, ko kuma ka yi hayar saba a intanet, wato kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana, ka ɗora FreePBX ɗin ko 3CX a can kana biya duk wata.

Ni dai ga kamfanin da yawancin mutanensa ke gini ɗaya akwati nake ba da shawara. Dalili kuwa ranar da intanet ya ɗauke, 'yan cikin babban ofis za su ci gaba da kiran juna kamar ba a yi komai ba, rassa ne kawai za su yanke. Duk wanda yake harkar nan ya tuna 14 ga Maris 2024 da kebul ɗin ƙarƙashin teku suka samu matsala, ranar wanda uwarsa ke saba a Turai ya ga ta kansa. Amma in ma'aikatan a warwatse suke, biyu nan uku can, kuma babu ofishin da ke da tsayayyiyar wuta, to hayar saba ta fi. FreePBX a tsohuwar kwamfuta kuma yana aiki sosai amma fa sai in akwai wanda zai dinga kula da shi, kar ka haɗa wa Alhaji ka tafi hidimar ƙasa ka bar shi da abin da ba wanda ya iya taɓawa.

Mataki na uku: intanet, kuma ba gudu ake nema ba

Nan mutane ke ruɗewa. Kira ɗaya ba ya cin komai. In da kodek G.711 ne, wato wani salon matse murya mai tsabta, kusan kilobit 87 yake ci a sakan kowane ɓangare, in ka ƙara nauyin VPN, wato ɓoyayyiyar hanyar da za ta haɗa rassan, ka ce 110 zuwa 120. Kira 10 kenan bai fi megabit ɗaya da ɗoriya ba. G.729 kuma kusan kilobit 31 ne, muryar ta ɗan fi siranta amma a wurin da sabis ke wahala shi ne maganin. Wajen data, minti ɗaya na G.711 ya ɗan haura megabait ɗaya zuwa da dawowa, ka ga yaron da ke kallon TikTok a wifi ɗin ofis ya fi wayoyin gaba ɗaya cin data.

Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da tangal-tangal. Ƙa'idar da ake bi jinkiri kar ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne, rawar da yake yi kar ta wuce 30, abin da ke zubewa a hanya kar ya kai kashi 1 cikin 100. Yadda za ka gwada, ka jona laftof a reshen ka bar ping, wato umarnin da ke auna milisakan nawa saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, yana tafiya na kamar minti 15, ka yi da safe, ka yi da azahar, ka kuma yi bayan la'asar lokacin da kasuwa ta cika maƙil kowa na kan waya. A Singa na ga layin da ƙarfe 8 na safe kamar faiba, ƙarfe 12 na rana kuwa sai ka ga lambobin suna tsalle daga 60 zuwa 900, to irin wannan duk tsadar wayar da ka saka muryar sai ta dinga tsinkewa kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi.

Babban ofis a ba shi mafi kyau, faiba in ta iso layinku, ko rediyo daga masu sayar da intanet, kuma ka roƙi adireshin IP na waje tsayayye, wato lambar da za a iya samun ofishin da ita daga intanet kuma ba ta canzawa. Rassa za su iya zama a kan rauta mai sim, wato na'urar da ke raba intanet, amma ka sa biyu na kamfani daban daban, misali MTN da Airtel ko Glo, duk wanda gwaji ya nuna ya fi kama wurin, ɗaya ya faɗi ɗaya ya ɗauka. Starlink da ta shigo Najeriya a farkon 2023 tana taimako sosai a bayan gari, sai dai tana shan wuta fiye da sauran kayan gaba ɗaya, kuma ruwan sama mai ƙarfi na iya tsinka ta na ɗan lokaci. In kuma rassa biyu suna hangen juna daga saman bene, rediyo biyu na Ubiquiti ko MikroTik kawai za ka ɗaura su kalli juna, shikenan ba kuɗin wata.

Mataki na huɗu: wuta

Ka lissafa. Wayar tebur ba ta wuce wat 3 zuwa 5, rauta kamar 10, akwatin PBX ɗan sama da haka. Ka ce duka kayan ƙaramin reshe wat 60 ne. Batir mai bolt 12 da amp 100 yana ɗauke da wat-awa 1200, in irin na ruwa ne rabi ake so a sha don kar ya mutu da wuri, saura 600, ka cire asarar inbata, kana da kamar awa 8. Wannan lissafin zai gaya maka ko batir ɗaya ya isa ko sai an ƙara sola.

Sharaɗin da ba na sassautawa, layin inbatar kayan waya nasu ne su kaɗai. Kar a bar soket ko ɗaya a fili. Na taɓa barin guda ɗaya a wani sito, bayan sati biyu aka kira ni wai waya na mutuwa kullum da yamma, da na je sai na tarar da hita a jone mai gadi yana dafa ruwan shayi, na ce Baba wannan ai wutar waya ce, ya ce to ɗana ai ita ce ba ta ɗaukewa. Gaskiyarsa ne kuma. Tun ranar akwatin ƙarfe mai makulli nake sakawa.

Ka sayi suwic mai PoE, shi ne ke tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet zuwa waya, sai ya zama ba ruwanka da caja a kowane tebur. Kebul Cat6, tsawonsa kar ya wuce mita 100. Kuma a kula wajen saye, akwai na jan ƙarfe zalla akwai na alminiyam da aka yi wa fenti, ka fere ɗaya ka kankare da reza, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu abinsu, da PoE zafi yake yi kuma karyewa yake a baki. A saka shi cikin fayif saboda ɓera, musamman sito na kayan abinci. Kar kuma a ja kebul ta sama daga wannan gini zuwa wancan, damina ɗaya tsawa za ta cinye maka suwic ɗin duka biyu, tsakanin gini da gini faiba ko rediyo.

Mataki na biyar: haɗa rassan, nan ne aikin yake

Kafin komai ka raba musu adireshi. Kusan duk rauta daga kwali tana zuwa da 192.168.0 ko 192.168.1 ko makamancin haka, in rassa biyu suna kan jeri ɗaya VPN ba zai san ina zai kai saƙo ba, kamar gida biyu ne masu lamba ɗaya a layi ɗaya. Sai ka yi Bompai 192.168.10, Singa 192.168.20, Sharada 192.168.30, Dawanau 192.168.40. Ka ba PBX adireshi tsayayye wanda ba ya canzawa, misali 192.168.10.5.

Sai VPN, wato ɓoyayyiyar hanya da za ta sa rassan su zama kamar ɗakuna ne a gida ɗaya. Ni rautar MikroTik nake sakawa a kowane wuri in yi WireGuard, wani nau'in VPN ne, yana cikin manhajar rautar RouterOS 7 ba sai ka sayi komai ba. Babban ofis ne cibiya, kowane reshe shi zai nemo ta. A kowace rauta za ka samar da makulli biyu, na sirri da na bayarwa, ka kai na bayarwar reshe cibiya, na cibiya ka kai reshe, ka rubuta jerin adireshin da aka yarda su wuce, ka ƙara hanya a jadawalin hanyoyi na cikin rauta, sannan a ɓangaren reshe ka sa keepalive sakan 25 don kar hanyar ta rufe in an yi shiru.

Me ya sa na ce sai an samu IP na waje a cibiya. Layukan sim da Starlink na gida yawanci suna bayan abin da ake kira CGNAT, wato ku da yawa ne ke raba adireshi ɗaya, kai za ka iya fita amma ba wanda zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje. Reshe ba damuwa don shi fita yake yi, cibiya ce dole a same ta. In babban ofis ɗin ma a kan sim yake, sai ka yi hayar ƙaramar saba mai arha ta zama mahaɗa, kowa ya je can a gamu, sai dai ka zaɓi wadda ba ta da nisa don kiran Sharada zuwa Bompai kar ya je Amurka ya dawo.

In ka gama, daga laftof a Dawanau ka yi ping ɗin 192.168.10.5. Bai amsa ba kar ka ci gaba, kar ma ka buɗe kwalin waya.

Abu biyu da za su ba ka ciwon kai in ka manta. Na ɗaya SIP ALG, wani saiti ne da ke taɓa SIP, wato yaren da wayoyi ke kafa kira da shi, a kashe shi a kowace rauta, a MikroTik yana ƙarƙashin service ports a fayawol, wai taimako yake yi amma ɓata kira yake. Na biyu, a cikin saitin SIP na PBX akwai wurin da ake rubuta jerin adireshin cikin gida, ka zuba na duk rassan. Aikina na farko na manta da wannan, waya ta yi ƙara a Sharada, mai sito ya ɗauka, ni ina jin sa tar yana sallama yana "wai waye ne, Malam ka yi magana mana", shi kuma ba ya ji na ko kaɗan, ga Alhaji tsaye a kaina ya harɗe hannu. Awa biyu ina zufa kafin na gane layi ɗaya ne ban rubuta ba. Dalilin shi ne ƙarar waya da murya ba ƙofa ɗaya suke bi ba, SIP yana bin 5060, murya kuma a FreePBX tana bin 10000 zuwa 20000, shi ya sa waya za ta iya ringin lafiya lau murya ta ɓata a hanya. Duk ranar da ka ji ɗaya na ji ɗaya ba ya ji, nan za ka fara dubawa.

Daga nan ka ba murya fifiko a rauta, ka ware mata kamar megabit 2 da ba mai taɓawa, ka kuma rage wa wifi ɗin ma'aikata gudu. In akwai kyamarar tsaro da Alhaji ke kallo daga gida ita ma a sa mata iyaka, ita ce babbar mai cinye hanyar fita.

Mataki na shida: lambobi

Lamba huɗu, ta farko ta nuna reshe. Bompai 1001 zuwa sama, Singa 2001, Sharada 3001, Dawanau 4001. Kar ka yi lamba uku da ke farawa da 1, za ka zo ka ba wani 112 alhali lambar gaggawa ce. Ka sa tsarin ya zama iri ɗaya ko'ina, 01 manaja, 02 kashiya, 03 mai sito, yadda ko ba a duba takarda ba an san 3001 manajan Sharada ne. Kowace lamba da kalmar sirrinta mai tsawo wadda na'urar ta haɗa da kanta, ba 1234 ba, ba lambar wayar ba.

Yanzu ne za a zo kan waya. Yealink, Fanvil, Grandstream duk suna yi, abu uku kawai za ka cika a kowacce, adireshin PBX, lamba, kalmar sirri, in ta nuna ta yi rajista an gama. Direbobi da masu yawo kasuwa a saka musu manhaja a wayar hannu, Zoiper ko Linphone ko ta kamfanin akwatin da ka saya, amma ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumi, in ba haka ba wayar za ta kashe ta a ɓoye kira ya ƙi shigowa. Farashi ban faɗa ba da gangan, da dala yake tafiya, ka zaga Beirut da Farm Centre da Sabon Gari ka kuma tambayi na Legas kafin ka ba da kuɗi. Kuma waya biyu za ka fara saya, ɗaya babban ofis ɗaya reshen da sabis ɗinsa ya fi muni, a yi sati ana gwadawa. A FreePBX in ka danna *43 za ta dinga maimaita maka muryarka, da kunnenka za ka ji jinkirin.

Mataki na bakwai: kiran waje

Duk abin da muka yi zuwa yanzu na cikin gida ne. Don kwastoma ya kira ko ku kira shi, ko dai ku karɓi layin SIP daga kamfanin da ke da lasisin hukumar sadarwa ta NCC, lamba ɗaya mai ɗaukar kira da yawa a lokaci guda, ko ku sayi akwatin sim mai ɗaukar 4 ko 8 ku zuba layukan kamfani. Akwatin sim yana da daɗi don tsohuwar lambar da kowa ya sani ba za ta canza ba, amma sim ɗaya kira ɗaya ne, kuma a yi musu rajista yadda ya kamata. Kar wani ya zuga ka ka dinga shigo da kiran ƙasar waje ta ciki yana fita kamar na gida, NCC ta hana wannan.

A dokar fita ka bar lamba 11 da ke farawa da 0 kawai, da 112. Kiran ƙasar waje, wanda ke farawa da 009 ko 00 ko alamar tarawa, a rufe shi gaba ɗaya sai ga mutum ɗaya ko biyu da maigida ya ambata da bakinsa. Kuma kar ka taɓa buɗe 5060 ga duniya. Akwai na'urori da aikinsu kenan dare da rana suna laluben PBX da aka bari a buɗe, su yi ta gwada kalmar sirri, in suka shiga sai su kwana suna kiran lambobin ƙetare masu tsada a kan kuɗinka, galibi daren da ba kowa a ofis. In da za ka buɗe ka leƙa log, wato rajistar masu ƙoƙarin shiga, bayan kwana ɗaya za ka ga baƙin adireshi rututu. Amfanin VPN kenan, komai ta ciki yake bi. Ka kunna fail2ban ko abin da akwatinka ke da shi mai toshe wanda ya yi kuskure sau da yawa, ka canza kalmar sirrin admin ta PBX da ta kowace wayar tebur, in layin na biya kafin amfani ne kar a loda kuɗi da yawa.

Gaisuwar da kwastoma zai ji a ɗauke ta da Hausa, gajeriya, sallama, sunan kamfani, danna 1 don ciniki 2 don sito, in bai danna komai ba ta wuce wajen mutum, don dattijon da ya kira daga ƙauye ba zai tsaya danne-danne ba. A sa wayoyin masu ciniki su yi ƙara tare, wanda ya riga ya ɗauka. A saita lokacin Juma'a da lokutan azumi. Kiɗan jira da ke zuwa da akwatin kuma ka tambaya kafin ka bar shi, Alhajin nan da ya ji cewa ya yi "Injiniya cire min wannan garayar", muka sa muryar yaronsa yana faɗin kayan da suka sauka a satin. In za a dinga naɗar kira a sanar da ma'aikata da masu kira, akwai dokar kare bayanai ta 2023.

Ranar miƙa aiki

Ka gwada kowane reshe zuwa kowane reshe, ba zuwa cibiya kawai ba, ka bar kira ɗaya ya yi minti 20 don akwai matsalar da sai an jima take yanke kira. Ka kashe wutar gini ka ga ko kiran ya tsaya, ka zare sim ɗaya ka ga ɗayan ya ɗauka. Ka zauna da ma'aikata ka koya musu tura kira da ajiye mutum a jira, abu biyun nan kawai, sauran za su gano da kansu. Ka buga jerin lambobi a liƙa a jikin kowane tebur da na mai gadi. Ka sauke bakof, wato kwafin saiti, na PBX da na kowace rauta a filash biyu, ka rubuta duk kalmomin sirri a takarda ka sa a ambulan ka damƙa wa mai kamfanin hannu da hannu, ba manaja ba.

Akwatin kayan kuma kar a kafa shi jikin bangon da rana ke duka ko dab da kwano, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya sa rauta ta dinga kashe kanta, a sa masa ƙaramar fanka. Da hunturu ya shigo a samu wanda zai dinga buɗewa duk wata yana hure ƙura da bulowa, na Dawanau kam duk sati biyu saboda ƙaiƙayi.